Yadda Ake Gyara Mazaunin Ƙafar Baya na Babur Ɗin Ƙanƙara Idan Ya Karye

Tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka tambaya ɗaya ke ta maimaituwa daga masu karatu game da babur ɗin ƙanƙara, wato abin hawan da ke zamewa a kan dusa da takalma biyu a gaba, bel na tura shi ta baya: mazaunin da ke riƙe ƙafar baya ya tsage, ko noti ya yage bango ya fita, ko biraket ya rabe gida biyu, yaya za a yi? Yawancin masu tambayar kuma da amsarsu a aljihu suke zuwa, wato a kai wa mai walda ya ɗiga wuta a wuce wurin. Ban hana walda ba, amma a jerin abubuwan da zan yi ita ce ta ƙarshe. Abu biyu ne ke sa wannan gyara ya daɗe: ramin noti ya koma daidai inda kamfani ya huda shi, sannan nauyin da ke sauka a kansa ya bazu a wuri mai faɗi. In aka rasa ɗaya daga ciki, kafin sanyi ya wuce za a sake kwancewa.

Bari mu daidaita kan sunaye don kada mu ruɗe a gaba. Tanal shi ne dogon akwatin alminiyam ɗin nan da kujera da tankin mai ke zaune a kansa, babban bel na gudana a cikinsa. Ƙafar baya ita ce dukan tarkacen da ke cikin bel ɗin: sanduna biyu na zamewa, ƙananan tayoyi, shoka, sifirin, da hannu biyu, na gaba da na baya. A yawancin babura, na Ski-Doo ne ko Polaris ko Arctic Cat ko Yamaha, notuna huɗu ne kacal ke riƙe wannan ƙafar a jikin tanal, biyu a hannun gaba, biyu a na baya, kuma kowane biyun suna shiga ne a bakuna biyu na shaf ɗaya, wato sandar da ta gitta tanal ɗin. Inda notin ya ratsa, shi muke kira mazauni. Wani a bangon tanal yake kai tsaye, wani kuma a jikin biraket ne da aka kama da ribit ya sauko ƙasa da matakar ƙafa.

Kayan da za ka tanada

Sifanoni da soket, sifana mai awon ƙarfi, injin huda da bakunansa masu kaifi, giranda, guduma, tsinken ƙarfe mai tsini, fayil, matsi guda biyu ko uku, tef ɗin awo da sukwaya, igiyar tamke kaya, da na'urar hura iska mai zafi. Sai injin ribit babba mai hannu biyu ko na iska, domin ƙaramin nan na hannu ɗaya ba ya iya jan ribit ɗin ƙarfe sai dai ya gajiyar da kai. A ɓangaren kayan sawa kuwa: farantin alminiyam mai kaurin milimita 3, ribit masu ƙarfi na milimita 4.8, sababbin notuna da washa, gam ɗin tiredi, giris mai jure sanyi, da asiton na goge ƙarfe. Tabarau da safar hannu ba ado ba ne a nan, musamman idan bel ɗinka mai ƙusoshi ne.

Littafin gyaran babur ɗinka shi ma kayan aiki ne. Ƙarfin ɗaurin noti da tsaurin bel sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka duk inda adadin da na bayar ya saɓa da na littafin, bi na littafin.

1. Duba ɓarnar kafin ka taɓa sifana

Shigar da babur ɗin wuri mai ɗumi ya kwana, ƙanƙarar da ta daskare a tanal ta narke. Ba a ganin tsagewa a ƙarƙashin ƙanƙara, gam ɗin tiredi ma ba ya kamawa da kyau a tsananin sanyi. Da safe ka haska fitila ciki da waje, ka ɗauki hoton ɓangarorin biyu, lafiyayyen da karyayyen.

Ɗaya daga cikin huɗu za ka tarar. Ko dai ramin ya buɗe ya koma siffar ƙwai amma bango bai tsage ba. Ko tsagewa ta tashi daga ramin ta yi reshe. Ko biraket ne ya karye ko ribit ɗinsa suka tsinke. Ko kuma bangon tanal ɗin ya yage, ya lanƙwashe har sama. A nan ake yanke shawarar kuɗi. Na farko shi ne mafi araha, faranti ne da ribit da noti, aikin yini ɗaya. Na biyu ƙarin ɗan lokaci kawai yake ci. Na uku yana buƙatar sabon biraket, kuma kafin ka ƙera naka ka tambaya, domin ana sayar da biraket da farantin ƙarfafa tanal da aka riga aka yanka aka huda don samfura da yawa, wani lokacin kuɗinsu bai kai na ɓata yini biyu kana yanka da fayil ba. Na huɗun ne mai ɗaci. Idan tanal ya murɗe, sauya shi yana nufin cire ɗaruruwan ribit, kuma a tsohon babur kuɗin aikin kan iya zarce darajar babur ɗin kansa. In haka ne, nemi tanal na hannu daga babur da injinsa ya mutu, ko ka haƙura.

2. Ɗaga bayan babur ka tokare shi

Kashe inji, zare makulli da igiyar kashe inji, cire baƙar wayar batir. Ɗaga baya ta bambar baya har bel ya bar ƙasa da kamar taki ɗaya, ko da abin ɗagawa ko da igiya daga ƙarfen rufi mai ƙarfi. Ka sa itace a gaban takalman gaba don kada ya zame.

Gargaɗi: babur ɗin nan yakan kai kilo 200 zuwa 300. Kada ka cusa kai ko hannu a tanal alhali igiya ɗaya ce ko jak ɗaya ke riƙe da shi. Sa tokari na biyu. Wasu sukan kwantar da babur a gefensa don su samu fili. Ana yi, amma mai da baƙin mai suna iya tsiyaya, kuma babur mai inji irin na mota wanda baƙin mai ke kwance a cikinsa ba ya son a bar shi a kishingiɗe.

3. Saki bel da sifirin

Sassauta notunan shaf ɗin tayoyin ƙarshe, sannan ka warware notunan tamke bel na dama da hagu har bel ya yi laƙwas. Ƙirga zagayen da ka yi wa kowanne ka rubuta, zai rage maka wahala a ƙarshe. Idan ƙafarka mai sifirin ɗin murɗe ce, mayar da saitinsa kan mafi laushi, sannan ka sauke dogon hannun sifirin ɗin daga mazauninsa.

Gargaɗi: wannan hannun a ɗane yake. Riƙe shi da bututun ƙarfe ko soket mai tsawo, fuskarka na gefe guda, ka sauke shi a hankali. Ya fasa wa mutane haƙori ba sau ɗaya ba.

4. Kwance notuna huɗun

Nan ne mutane ke fara zufa. Da yake notuna biyu a shaf ɗaya suke, da zarar ka kwance na dama, sai ka je na hagu ka tarar shaf ɗin yana juyawa tare da shi, babu abin da ke riƙe shi. Dabarar ita ce: karya ƙarfin na dama, fitar da shi, goge tsohon gam ɗin da ke jikin tiredinsa, ka mayar da shi ka ɗaure sosai. Sai ka koma na hagu ka karya ƙarfinsa, wani yana riƙe maka na dama da sifana. Tunda na daman ba shi da gam yanzu, zai fito ba gardama. Wani lokacin sai ka yi ta kai da komo sau biyu ko uku. Sifanar iska ko ta batir mai bugu tana taƙaita wannan wasan ƙwarai.

Idan noti ya ƙi motsi, gam ne ya riƙe shi, ba ƙarfinka ne ya gaza ba. Hura masa iska mai zafi a kai na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Gam mai launin ja ba ya saki sai zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas. Kada ka kawo harshen wuta kusa, tankin mai yana bisa kanka, bel kuma roba ne.

Fara da na baya, sannan na gaba. Ka lura da kowace washa da kowane zobe da ya faɗo daga tsakanin shaf da bango, ka jera su yadda suka fito. Mutum ya manta zobe ɗaya, wajen ɗauri sai noti ya jawo bangon tanal ciki, ga sabuwar tsagewa tun ba a fita ba.

5. Fitar da ƙafar, ka nemo sanadi

Ƙara ɗaga baya kaɗan, ka karkata ƙafar a cikin bel, ka zaro bayanta ta gefe sannan gaban ya biyo. Tana da nauyi kuma ba ta da wurin riƙo mai daɗi, samu mataimaki.

Mazauni ba ya karyewa haka kawai, kuma wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Juya shaf ɗin baya a cikin hannunsa. Ya kamata ya juya sumul. Idan ya ƙage saboda rashin giris, to duk lokacin da ƙafar ta lotsa noti ne ke juyawa a madadinsa, yana sassauta kansa yana cin bango. Mirgina shaf ɗin a kan tebur mai santsi ka ga ko ya tanƙware. Cire shoka ka danna ta da hannu: in ta shige ba turjiya, ko jikinta ya jiƙe da mai, ta mutu, kuma ita ce ke barin ƙafar tana dukan ƙarshe a kowane tudu, dukan kuma a kan mazauni yake sauka. Duba bushin, duba robobin da ke tare duka, duba hannun baya ko waldarsa ta tsage. Sai ka tambayi kanka gaskiya: tsalle kake yi da shi, ko jan kaya fiye da ƙima, ko dutse ka haura a ƙarƙashin dusa? A abin da na gani, sakakken noti da aka yi biris da shi ya fi duk waɗannan kashe mazauni. Alamarsa baƙin gari ne kamar toka a kewayen kan notin, wanda alminiyam ke fitarwa idan ana goga shi.

Wanke wurin tas da asiton, ɓangarorin biyu. Kada ka yarda da lafiyayyen gefe don kawai bai karye ba. Tun da ɗan uwansa ya saki shi ke ɗauke da kayan biyu. Ni dai ba na ƙarfafa gefe ɗaya in bar ɗaya.

6. Awo: inda gyaran yake gaba ɗaya

Kafin ka yanke ko ka huda komai, ka adana wurin da ramin yake. Idan ramin baya na hagu ya goce gaba ko baya da milimita 3 kawai, ƙafar za ta zauna a karkace, bel ya riƙa ja gefe ɗaya, robar zamewa da ke ƙarƙashin sandunan, wadda bel ke gogawa, ta cinye a gefe guda, kuma duk yadda ka kai ga murɗa notunan tamkewa ba za ka daidaita shi ba. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

A lafiyayyen gefe, auna daga tsakiyar ramin baya zuwa wurare biyu da ba sa motsi: tsakiyar ramin hannun gaba, da kuma lanƙwasar saman tanal, a miƙe da sukwaya. Rubuta. Awo ɗaya ba ya isa, domin yana ba ka nisa ne bai ba ka tsayi ba. Sannan ka yanki kwali mai tauri ko siririn falle na ƙarfe, ka manna shi a lafiyayyen gefe, ka fitar da ramin noti, da ramukan ribit na kusa, da layin gefen tanal. Juya shi ka kai ɗaya gefen, ka daidaita da ramukan ribit da layin gefe, ka ga inda tsakiyar ramin ta faɗa. Ka gwada da awon da ka rubuta. In biyun sun yi daidai, ja dogayen layuka biyu masu gittawa da alƙalami mai siririn baki, su wuce iyakar inda faranti zai rufe, yadda ko an rufe wurin za ka iya dawo da tsakiyar.

Kada ka ja layin da ƙusa ko wani abu mai karce. Karce a alminiyam mai sirantaka wurin fara tsagewa ne.

Akwai gwajin da nake yi daga baya, bayan an yi ƙaramin ramin farko a faranti: zura miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe ta ramukan gaba biyu, wata ta na baya biyu, ka auna tazarar sandunan a dama da hagu. Bambancin da ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba na karɓarsa. Idan kuwa duka ɓangarorin sun lalace, babu inda za ka kwafa, sai ka ɗauko awon daga wani babur irin naka sak, samfuri ɗaya shekara ɗaya.

7. Cire tsofaffin ribit

Buga tsinken da ke tsakiyar ribit ya shige ciki, domin ƙarfe ne mai tauri kuma shi ke karkatar da bakin huda. Sannan ka huda kan da baki na milimita 4.8 har kan ya ɓalle, ka bugo sauran da tsinken ƙarfe, wani yana tokare bayan bangon da guntun ƙarfe mai nauyi. Wasu kamfanoni suna amfani da ribit marar rami da ke huda kansa. Shi ba ya huduwa da sauƙi, gara ka cinye kansa da giranda a hankali ba tare da ka taɓa bango ba. Wasu sababbin babura kuma bayan ribit har da gam aka haɗa su, sai an ɗumama wurin kafin biraket ya saki.

Gargaɗi: leƙa bayan duk inda za ka huda. A babura masu ruwan sanyaya inji, bututun alminiyam da ruwan ke bi suna manne a rufin tanal ko ƙarƙashin matakar ƙafa, ga wayoyin fitilar baya, ga tanki a sama. Zura guntun tiyo a jikin bakin huda ya bar milimita 6 kawai a waje, yadda ko hannunka ya zarce ba zai nutse ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

8. Tsayar da tsagewa, miƙe bango

Bi kowace tsagewa har ƙarshenta, da gilashin ƙara girma in akwai, domin takan wuce inda ido ke gani. Huda rami na milimita 3 a daidai bakin ƙarshen, ko ɗan gaba da shi kaɗan. Ramin yana hana ta ci gaba. Goge bakin da fayil. Inda bango ya lotsa, sa ƙarfe mai faɗi a baya ka daddaka da guduma mai kan roba, ko ka matse shi tsakanin ƙarafa biyu. Sannu a hankali, kuma sau ɗaya. Alminiyam da aka lanƙwasa gaba da baya yana taurara ya karye.

9. Yanka faranti ka kama shi

Bangon tanal siriri ne, bai cika wuce milimita 2 ba, shi ya sa ba ya jure nauyi a wuri ɗaya. Aikin faranti shi ne ya karɓi nauyin daga noti ya raba wa ribit masu yawa a kan lafiyayyen bango. Saboda haka ƙaramin faci kamar washa ba ya maganin komai. Yanka shi ya wuce ƙarshen ɓarnar da aƙalla santimita 5 ta kowace fuska da wuri ya bari, in da hali ya kai har lanƙwasar sama ko ta matakar ƙafa, inda tanal ya fi ƙarfi. Zagaye kusurwoyinsa, kada ka bar tsini. Alminiyam mai lamba 5052 ko 6061 ya dace. Na farkon ya fi yarda a lanƙwasa shi. Farantin baƙin ƙarfe ma yana yi, sai dai ka yi masa fenti ka shafa abin tsare ruwa a tsakani, domin ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu da ruwan gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa.

Ciki ko waje? Wannan tambayar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Shaf an yanka shi ne daidai faɗin cikin tanal. Ka sa farantin milimita 3 ta ciki, shaf ba zai shiga ba sai ka rage tsawonsa ko ka rage zoben gefensa da daidai wannan kaurin, kuma ka matse wa bel hanya, alhali bel mai faɗin inci 15 ɗan fili kaɗan yake da shi a kowane gefe. Ta waje ta fi sauƙi, abin da kawai za ta ci shi ne noti mai ƙarin tsawo. Idan da ma akwai farantin kamfani ta ciki kuma ya lalace, maye gurbinsa da mai kauri irin nasa, ka ƙara naka ta waje, bangon ya zama a tsakiya.

Matse farantin da matsi, dawo da layukan tsakiya a kansa, huda ƙaramin rami na milimita 4, ka yi gwajin sanduna da siririyar sanda. Sai ya ci gwajin za ka buɗe ramin zuwa girman noti, kuma ya zama noti na shiga da ɗan turawa, ba yana rawa ba.

Ramukan ribit na milimita 4.8 ana huda su da baki na 4.9. Tsakiyar kowane rami ta nisanci bakin faranti da ninki biyu na kaurin ribit, wato kamar milimita 10, tsakanin ribit da ribit kuma milimita 25 zuwa 30. Yi amfani da tsofaffin ramukan inda suke da lafiya. Wanda ya buɗe, ƙara shi zuwa ribit na milimita 6.4. Bayan hudawa ka cire farantin, ka goge ƙaiƙayin ƙarfen da ya maƙale a tsakani, domin shi ke hana faranti kwanciya, daga baya ya marmashe ribit su saki. Fara ja daga kusa da ramin noti kana fita waje.

Gargaɗi: ribit ɗin alminiyam na aikin kwano da tukwane ba na nan ba ne. Nemi na ƙarfe irin na gangar jiki, wanda tsinkensa ke maƙalewa a ciki, kuma tsawonsa ya dace da jimillar kaurin da zai riƙe. Inda bel ke wucewa kusa, sa faffaɗan kan ta ciki, kumburin ya fito waje.

10. Idan sai an yi walda

Biraket na baƙin ƙarfe da ya karye ana iya walda shi, a cire shi daga jikin babur, a fere bakin karayar, a ƙara masa ɗan tokari, a yi fenti. Wannan ba matsala.

Bangon tanal ne abin tsoro. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, amma fatar da iska ke yi masa a sama sai ta haura 2,000, don haka wanda bai saba ba yana jiran saman ya narke sai ya ga ƙasa ta zube. Ko an yi ta da kyau, alminiyam irin 6061 da aka gasa don ya yi ƙarfi yana rasa kusan sulusi zuwa rabin ƙarfinsa a gefen walda, shi ya sa za ka ga waldar tana nan daram amma sabuwar tsagewa ta bi gefenta. In dole ne, a kai wa wanda ya ƙware a waldar TIG ta alminiyam, wato waldar lantarki da iskar gas ke kare narkakken ƙarfe, a goge wurin da burushin ƙarfe marar tsatsa wanda bai taɓa wani ƙarfe ba, a daddale waldar ta kwanta, sannan a ɗora faranti da ribit a kai kamar yadda aka bayyana. Walda ta rufe tsaga, faranti ya ɗauki kaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gargaɗi: a sauke tankin mai gaba ɗaya a fitar da shi daga wurin, a cire batir da filogin kwamfutar inji, a janye bel ko a lulluɓe shi da abin da ba ya cin wuta. Kada a wanke wurin da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin; idan zafin walda ya taɓa shi yana fitar da iskar fosjin mai kisa.

11. Shaf da notuna

Idan noti ya karye a cikin shaf, gwada bakin huda mai juyin hagu, sau da yawa shi kaɗai yake warwaro guntun. Tiredin da ya cinye ana iya sa masa zoben tiredi, amma shaf ba shi da tsada idan aka kwatanta da wahalar da aka sha, sabo ya fi kwanciyar rai. Bakin shaf ɗin ma ka duba: in ya cinye ya yi gefe, ba zai dafe bango daidai ba.

Kada ka mayar da tsohon noti. Sayi mai daraja irin ta asali, lambar tana kansa, 8.8 ko 10.9 a na milimita, layuka a na inci. Tsawonsa ya ƙaru da kaurin faranti kawai. Wanda ya yi tsawo da yawa zai taɓo ƙasan ramin shaf, sifana ta nuna maka ya ɗauru alhali bai matse bango ba.

12. Mayar da ƙafar

Shafa giris a shaf da bushin, ban da cikin tiredi. Zura ƙafar cikin bel, ka fara da hannun gaba, ka ɗaura notunansa da hannu kawai. Na bayan ba zai zo daidai rami da kansa ba. Ɗaura igiyar tamke kaya tsakanin hannun baya da sandar zamewa ka ja shi, kana sauke bayan babur a hankali har ramukan su haɗu, ka daidaita da tsinken ƙarfe. Ba da yatsa ba.

Idan huɗun sun shiga, fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ɗiga gam ɗin tiredi irin wanda littafi ya ce, yawanci shuɗi, ka ɗaure da sifana mai awo, wani na riƙe ɗaya gefen. Noti M10, wato mai kaurin milimita 10, mai lamba 8.8 a ƙarfe yakan tsaya a wajen Nm 45 zuwa 50 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na sifana mai awo, amma shaf ɗin alminiyam da gam suna canza lissafi, don haka adadin littafi za ka bi. Mayar da sifirin. Ja layin fenti daga kan kowane noti zuwa faranti. Ranar da layin ya rabu, ka san noti ya motsa. Ba gam awa 24 kafin ka hau.

13. Tamke bel ka daidaita shi

Mayar da notunan tamkewa zuwa adadin zagayen da ka rubuta, sannan ka auna. A babura da yawa na Ski-Doo ana danna tsakiyar bel ta ƙasa da ƙarfin kilo 7.3 a nemi tazarar milimita 30 zuwa 35 tsakaninsa da robar zamewa. Polaris kuwa nauyin kilo 4.5 ake ratayawa kamar santimita 40 gaba da shaf ɗin tayoyin ƙarshe, tazarar kuma ta danganta da samfuri.

Haɗa batir, tayar da inji, bar bel ya yi 'yan zagaye a hankali, ka kashe ya tsaya da kansa ba tare da birki ba. Duba tazarar robar zamewa da ƙarafan jagora na bel a dama da hagu. In bel ya ja hagu, ƙara tamke notin hagu da rabin zagaye, ka sake juyawa. Idan ya daidaita ka ɗaure shaf ɗin ƙarshe, ka sake auna tsauri.

Gargaɗi: kada kowa ya tsaya a bayan bel mai juyawa, yana iya harbo ƙusa ko kayan aikin da aka manta a ciki. Buɗe ƙofa saboda hayaƙi. Kada ka daɗe kana juya shi, domin dusa ce ke sanyaya robar zamewa, har da inji a babura masu ruwan sanyaya inji, kuma a kan tokari babu ita.

14. Fitar gwaji

Sauke shi ƙasa, hau ka danna baya da nauyinka sau da yawa kana saurare. Ƙara ko gurzawa na nufin wani abu na taɓa bel. Fita ta farko ta zama ta minti goma sha biyar a shimfiɗaɗɗen wuri, ba tsalle ba jan kaya. Dawo ka haska fitila: layin fenti, kan ribit, ramukan da ka huda a ƙarshen tsagewa in ana ganinsu ta ciki, da gefen bel ko ya nuna alamar goga. Sake ɗora sifana mai awo a kan notunan ba tare da ka ƙara musu juyi ba, don kada ka karya gam. Maimaita wannan dubawar bayan tafiyar yini ta farko, sannan duk lokacin da za ka yi wa ƙafar giris. Baƙin zobe a kewayen ribit yana nufin ya fara rawa. Huda shi ka sa na milimita 6.4 a ranar.